Tambayi Majo: Kunnen da ke zubar da ruwa, da sauran saƙonninku

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Damagaram, mura ta shiga gidaje, yawancin saƙonnin da ke zuwa mini a kan kunne suke. Na ware guda shida. Zan daɗe a kan na farko, domin shi ne ya tsaya mini a rai.

Baba Majo, ina wuni. Ɗana shekararsa huɗu. Tun bayan yaye kunnensa na dama yake zubar da ruwa. Ya tsaya, in ya yi mura ya dawo, wani lokaci har da wari. Kakarsa ta ce in rabu da shi, haka ubansa ya yi yana yaro, in ya girma zai daina. Mun ɗiga man gyaɗa, mun ɗiga ruwan albasa. Yanzu dai ba ya kukan ciwo. Ko warkewa ya yi, sauran dattin ne yake fita?
*Wata uwa daga Garin Malam*

Lafiya lau, ƴata. Bai warke ba. Amma kin yi tambaya a kan lokaci, kuma abin yana da magani.

Bari in nuna miki yadda kunne yake, don in kin gane ginin za ki gane ciwon. Ki ɗauke shi kamar gida irin namu na Birni. Ganyen kunnen da ake gani a waje shi ne ƙofar gida. Ramin da ya shiga ciki shi ne zaure, tsawonsa a jikin babba wajen santimita 2 da rabi. A ƙarshen zauren akwai wata fata siririya da ta rufe hanya ruf, a ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Ita ce dodon kunne. Sauti in ya shigo ita yake bugawa.

Bayan wannan fatar akwai ɗan fili mai iska a ciki, tsakar gida ke nan. A nan Allah Ya jera ƙasusuwa uku, kowanne riƙe da ɗan'uwansa: ɗaya kamar guduma, ɗaya kamar uwar maƙera, na ukun kamar likkafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sultan ya san likkafar da mahayi ke zura ƙafa, to kamarsu ɗaya sak, sai dai ta kunne tsawonta milimita 3 ne, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Babu ƙashin da ya kai ta ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Dodon kunne ya girgiza, guduma ta karɓa ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa ta buga wata ƴar taga da ke shiga ƙuryar ɗaki. A ƙuryar nan akwai wani abu a naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, shi ne yake mayar da motsin nan saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa.

Tsakar gidan tana da rariya, wadda ta gangara ta ɓulla bayan hanci. Ta nan iska ke shiga, ta nan danshi ke fita. Ita ce kike jin ta yi “ƙas” in kin haɗiye yawu. A jikin babba rariyar doguwa ce kuma a gangare take. A jikin ƙaramin yaro gajera ce, kusan a kwance. Shi ya sa da yaro ya yi mura sai ta kumbura ta toshe, ƙwayoyin cuta su hauro daga hanci, mugunya ta taru a tsakar gida ba ta da mafita. Wannan ne daren da yaro ke kwana yana tsala ihu yana jan kunne, jiki zafi rau. In mugunyar ta matsa ta matsa, sai ta huda dodon kunne ta zubo waje. Nan take ciwon ya lafa, kamar yadda maruru ke daina zogi in ya fashe. Iyaye su ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Alhali ƙofa ce ta ɓule.

Sau da yawa hujin yakan haɗe da kansa cikin ƴan makonni, in kunnen ya bushe. In bai bushe ba, ba ya haɗewa. A ƙa'idar da muke aiki da ita a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ruwan kunnen da ya kai kwana 14 ya zama daɗaɗɗe. Na ɗanki ya haura shekara biyu. Duk tsawon wannan lokacin yana ji ne da kunnen da ƙofarsa ke ɓule, kuma mugunyar da ke kwance tana iya cin ƙasusuwan nan uku sannu a hankali. Waɗannan kuwa su ne shekarun da yaro ke kwasar magana.

Ba a takarda kaɗai na san wannan ba. Ƙanwata da ke bi na haka ta taso da kunne mai ruwa, ƙuda na bin ta, mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, tana share mata da bakin zane. Babu wanda ya ɗauke shi ciwo, har da ni. Da ta yi aure sai dangin miji suka sa mata sunan mai girman kai, wai ana gaishe ta ba ta amsawa. Ta sha kuka a kan wannan. Sai da na fara aiki na haska kunnenta na hagu da fitilar dubawa, na tarar kusan babu abin da ya rage na dodon kunnen. Duk gaisuwar da aka yi mata ta ɓangaren hagu ba ta taɓa isa gare ta ba. Yau tana da jikoki, kuma har yanzu in za mu yi hira sai ta juyo mini da damanta.

Ga abin da za ki yi. Ki kai shi CSI na unguwarku a duba. Za a rubuta maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta, galibi na dangin siprofuloksasin, na mako biyu. Amma maganin da aka ɗiga a kan mugunya asara ne, ba ya isa inda ake so. Sai kin fara busar da kunnen. Ki sami ƙyallen auduga mai tsabta mai shan ruwa, ki murza shi ya yi kamar lagwanin fitila, ba tare da tsinke a ciki ba. Ki zura a hankali, ki bar shi ya jiƙe, ki zare, ki sa wani, har sai ya fito a bushe. Sau uku a rana. Sannan ki kwantar da yaron kunnen mai ciwo yana sama, ki ɗiga maganin, ki danna ɗan tsokan nan da ke bakin ramin kunne sau da yawa don maganin ya shige, ya zauna a haka minti biyar. Wajen wanka ki shafa wa auduga basilin ki toshe bakin kunnen, in an gama ki cire. Da damina kada ya shiga tafki. Man gyaɗa, ruwan albasa, turare, nonon uwa, duk a daina. Kunnen da ya huje, duk abin da aka ɗiga tsakar gida yake zarcewa.

In kin yi haka ruwan bai tsaya ba, ko warin ya ƙi tafiya, ki nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin Zinder. Akwai wani irin da fata ke tsirowa ta cikin hujin ta dunƙule tana cin ƙashi, wannan sai aiki. Ranar da kika ga bayan kunnen ya kumbura yana zafi har ya turo ganyen kunnen gaba, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko wuya ya sanƙare, ko baki ya karkace, kada ki jira gari ya waye. Tsakanin rufin kunne da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri ƙwarai.

Batun kakarsa kuwa, kada ki yi musu da ita, abin da ta gani ta faɗa. Tunda ta ce maigida ma haka ya yi yana yaro, ki bari sai yana cikin nishaɗi, ki ce ya toshe nasa kunnen mai lafiya da yatsa, ki tsaya ta bayansa ki yi raɗa. Abin da ya ji, ko bai ji ba, shi zai kai wa mahaifiyarsa da bakinsa.

Majo, ni ɗan kabu-kabu ne, kullum cikin ƙura nake. Da dare nakan sa tsinken ashana ko gashin kaza in kwashe dauɗar kunne, wani lokaci makullin babur. Yanzu kunnen ƙaiƙayi yake, kuma ji nake kamar an toshe shi.
*Wani matashi daga Sabon Gari*

Ɗana, kai ka toshe shi. Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce, mai ne da fatar bakin ramin ke fitarwa don ya kama ƙurar nan da kake magana, ya hana fatar bushewa, ya kashe wasu ƙwayoyin cuta. Fatar ramin kuma tafiya take yi a hankali daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar, taunar abinci da magana suna taya ta. Kai kuma kowane dare kana mayar da ita ciki kana dannawa, kamar mai ɗura bindiga. Ƙaiƙayin kuwa daga kankare man ne. Ka sosa, fata ta ƙuje, ta ƙara ƙaiƙayi, ka ƙara sosawa. Tsinken auduga na kanti ma haka yake yi.

Ka je a haska. In dauɗa ce ta cushe kuma dodon kunnen lafiya yake, za a ba ka abin da zai tausasa ta na ƴan kwanaki, sannan a wanke da ruwa mai ɗumin jiki ko a zaro ta. Daga nan iyakarka inda yatsa da ƙyalle suka kai. Na sha ganin wanda yake sosa kunne da tsinke, yaro ya taho a guje ya bangaje masa gwiwar hannu.

Malam Majo, ƴata tana da shekara ɗaya da wata takwas. Da bazarar da ta wuce ta yi sanƙarau, aka kwantar da ita, Allah Ya tashi kafaɗunta. Kafin ciwon tana cewa “baba”, tana juyowa in an kira ta. Yanzu ko kwano ya faɗi ba ta waiwaya, maganar ma ta ɗauke. An ce in kai ta wajen wanzami ya duba harshenta.
*Wani uba daga Mirriah*

Malam, Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba ku haƙuri. Ka bar harshenta, lafiyarsa lau. Yaro da kunne yake koyon magana, abin da ya daina shiga shi ya sa abin da ke fita ya tsaya.

Sanƙarau baƙonmu ne na kowace shekara, daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu. Waɗanda suka tashi ba a cika bin sawunsu ba, kuma kurumta na cikin manyan tabon da ciwon ke bari. Ƙwayar cutar tana bi daga rigar ƙwaƙwalwa ta shiga katantanwar nan ta ƙuryar kunne. A cikinta akwai ƴan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kai, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke jin motsin ruwa su aika saƙo. Da su ake haihuwar mutum, kuma ba a ƙara masa ko ɗaya. Kaza in nata suka lalace sukan sake tsirowa, ɗan Adam ba a ba shi wannan ba.

Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Amma ka kai ta a auna jinta yanzu, kada ka ce sai ta ƙara wayo. Ana auna jin jariri ko yana barci. Wataƙila da saura a kunne ɗaya, wanda na'urar ƙara ji za ta taimaka wa. Akwai kuma na'urar da ake dasawa cikin katantanwar da aiki, tana da tsada ƙwarai kuma sai an yi tafiya, sannan bayan sanƙarau katantanwar takan cike da ƙashi cikin watanni, abin da ke sa dashen ya yi wuya in an makara. Shi ya sa nake gaggauta ka.

Ko me awon ya nuna, kada ku daina yi mata magana. Ku tsuguna ta ga fuskarku, ku nuna abu ku faɗi sunansa, ku haɗa da hannu. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko tana neman harshe ko ta wace ƙofa ya shigo. Akwai makarantar kurame a nan Zinder, ka je ka gan su tun kafin ta isa shiga, ka ga yadda yara ke karatu da lissafi. Ina roƙonka kuma ka hana a riƙa kiranta bebiya a gida. Tana da suna.

Ga sauran iyaye: jariri sabon haihuwa yakan firgita da ƙara mai ƙarfi. A wata shida yana juyawa wajen sauti. A wata tara yana gwalan-gwalan, a shekara yana gane sunansa kuma ya fara kalma ɗaya ko biyu. In ɗayan waɗannan bai zo ba, a duba kunne. Haka duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, ƙyanda, hangum, ko shawara mai tsanani a makon haihuwa. A cika katin riga-kafi. Allurar jantamisin kuma, mai amfani ce a hannun likita, amma tana iya kashe ji in an yi ta barkatai, kada a bar mai yawo da magani a tire ya yi wa yaro ita.

Baba, an haifi ɗana da ɗan huji kamar na allura a gaban kunne. Wasu sun ce alamar arziki ce, wasu sun ce a ƙona shi.
*Wata amarya daga Zango*

Kada a ƙona, ƴata. Kunne da wuri yake fara ginuwa, ƙuryarsa tun cikin mako na huɗu da shigar ciki, kafin mace ta tabbatar ma tana da juna biyu. Ganyen kunne kuma daga ƴan tudu shida yake haɗuwa, wajen mako na shida. In wurin haɗuwar bai rufe sarai ba sai ya bar wannan ɗan hujin. Yawanci ba ya komai har tsufa. Kada a matsa, kada a zura masa tsinke. In ya kumbura ko ya yi mugunya a kai likita, in yana yawan yi ana cire shi da ƙaramin aiki. Ki sa a auna jinsa sau ɗaya don hankali ya kwanta. Arziki kuwa, Allah Ya ba shi.

Majo, shekarata goma sha ɗaya ina aikin injin niƙa kusa da kasuwar Dole. Yanzu in na kwanta sai in ji kunnena yana ƙara kamar kukan gyare. Ina jin mutane na magana amma ba na rarrabe abin da suke cewa, musamman a taro.
*Wani mai niƙa*

Ɗan'uwa, abin da ka kwatanta shi ne ainihin yadda ƙara ke cin kunne. Ƴan gashin nan na cikin katantanwa, waɗanda ke jin siririn sauti su ne a bakin shiga, su ne kuma ke fara faɗuwa. Siririn sauti kuwa shi ne “s” da “sh” da “ts” da “f”, masu rarrabe kalma da kalma. Shi ya sa kake jin murya amma maganar ta zama dame. Kukan gyaren kuma daga nan yake.

Ana auna ƙara da desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. A 85, awa 8 ce iyakar abin da kunne ke ɗauka a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2. Ba ka buƙatar na'ura. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji, wurin yana cin kunnenka. Ka san yadda kuke yi da mata masu kawo niƙa, da hannu kuke ciniki.

Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da saura mai yawa da za ka tsare. Ka nemi abin toshe kunne na roba ko na soso a farmasi ko wajen masu kayan gini, ko irin mai rufe kunne gaba ɗaya. Auduga ba ta tare abin kirki. In babu niƙa ka kashe injin ka fita waje. Yaran da ke taya ka aiki, su ma ka saya musu, hakkinsu yana wuyanka. Wannan maganar ta shafi masu walda, da masu kwana kusa da janareto, da samarin da ke cusa abin sauraro a kunne su ƙure ƙarar waya. Da dare ka bar rediyo a ƙasa-ƙasa, yana rage damuwar gyaren. Ka je a auna jinka a kuma duba hawan jini. In kuwa wata rana ka tashi kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya farat ɗaya, a ranar za ka je asibiti, don maganinsa a kwanakin farko yake aiki.

Majo, mahaifiyata ce, shekararta wajen saba'in. In ta juya a shimfiɗa ko ta sunkuya ruku'u sai ɗaki ya juya mata, ba ya kai minti ɗaya ya tsaya. Ta fara salla a zaune. An ce iska ce, an yi turare.
*Wata malama daga Karkada*

Malama, a gaida Hajiya. Mutane da yawa ba su san cewa kunne ne ke riƙe da daidaiton tsayuwar mutum ba. Kusa da katantanwar akwai ƴan bututu uku a lanƙwashe kamar awarwaro, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren, da ruwa a ciki. In kai ya juya ruwan ya motsa, ƙwaƙwalwa ta san inda aka nufa. A gefensu akwai ƴar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi irin na alli. Da girma ya zo, wasu sukan ɓalle su faɗa cikin bututun. Da ta juya kai sai su gangara su tura ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka duniya ce ke juyawa. Da sun zauna sai jirin ya tsaya. Abin da kika faɗa ya yi kama da wannan ƙwarai: gajere ne, kuma juya kai ke tayar da shi.

Maganinsa da hannu ne. Akwai wata dabara da wani likitan Amurka mai suna Epley ya fito da ita a 1980: a kwantar da mutum, a juya kansa daki-daki, ana ɗan dakatawa a kowane juyi, har tsakuwoyin su koma jakarsu. Ba ta kai minti goma ba, kuma da yawa sau ɗaya ko biyu ya ishe su. Ki kai ta sashen kunne, a auna jininta tukuna, a duba wuyanta kafin a juya ta. Kafin nan ta riƙa tashi a hankali, ta ɗan zauna a bakin gado, a bar mata fitila da dare, a kawar da tabarmar da ke naɗewa a hanyar bayi, don karayar ƙugu a shekarunta ta fi jirin haɗari. In jirin ya zo da nauyin harshe, ko gani biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ta kasa tsayuwa sam, wannan ba na kunne ba ne, a ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin.

In an yi mata dabarar, ki rubuto ki gaya mini ko ta koma salla a tsaye.